Ƙarfen da Na Lafta wa Taraktar Lambu

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da wata 'yar tarakta, irin wadda ake yanke ciyawar lambu da ita, ta kunyata ni a Bukit Jalil, can ƙasar 'yan Malay inda nake karatu.

Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu a injiniyanci. Sashenmu ya shirya gasa: a ɗaura wa kowace tarakta akwati cike da ƙarafa, wadda ta ja shi ya fi nisa ita ta ci. Farfesarmu, wata 'yar Malay marar yawan magana, ta ce duk wanda ya ƙarfafa ƙarafan da ke ɗauke da injin yadda ba za su lanƙwashe ba, za ta ɗauke shi cikin bincikenta. Ni kuwa gurbin nan nake nema ido rufe, don har lokacin ban samu mai duba aikina ba.

Aka haɗa ni da wani ɗalibi ɗan ƙasar, Hafiz. Shi kullum yana kan kwamfuta yana lissafi. Ni kuma ɗan mai walda ne, a garejin Babana a Kano na yi wayo, inda maganin kowace matsala shi ne a ƙara ƙarfe. Na lafta wa bayan taraktar ƙarfe, na kuma ɗaga ƙugiyar da ake ɗaura kaya sama, don a ganina ta fi kyau a can.

"Abang, ba zai yiwu ba lah," in ji Hafiz, wato "Yaya, ba zai yiwu ba fa" a salon maganarsu. "Gabanta zai tashi."

Na ce masa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. (Sai da na fassara masa karin maganar da Turanci, don tsabar iyayi.)

Ranar gasa na gayyato duk Hausawan unguwarmu ta Danau Kota. Matata Rukayya ta dafa zobo, ta kira Baba ta bidiyo don ya ga ɗansa. Ni ma na ƙi saka rigar aiki, na sha farar shadda. An yi ruwa da rana, filin duk taɓo.

Na hau, na ba ta wuta. Ta yi taku biyu da kayan, jama'a na ihu, ni ina ɗaga musu hannu. Sai na ga sararin sama a inda ya kamata in ga hanya. Gaban taraktar ya miƙe tsaye, na sulale ta baya, tim, cikin taɓo, takalmina ɗaya ya yi nasa wuri. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Har Rukayya, da na zata za ta yi salati, dariya take tana riƙe da ciki.

Farfesa ta zo, ba ta ko dube ni ba. Ta durƙusa tana shafa waldar da yatsa, wuri bayan wuri. Na ce shi ke nan, gurbi ya tafi.

"Wa ya koya maka walda?"

"Mahaifina."

"Babu inda ta tsage. Ka zo ofis ranar Litinin. Amma lissafi na Hafiz ne, har sai ka koya."

Rukayya ta miƙo min waya, hannuna duk laka. Baba ya ga komai.

"Kai, waldar ta saki?"

"A'a Baba, ta riƙe."

"To alhamdulillahi. Ni walda na koya maka. Faɗuwar nan a makaranta ka koyo ta."

Bana ma mun shiga gasar, ƙugiyar tana ƙasa inda Hafiz ya ce. Yanzu da ya buɗe kwamfuta nake jawo kujera in zauna kusa da shi. Ido ya san kima kam, amma ranar nan nawa sama kawai ya gani.