Kular da Na Ce Ba Tawa Ba Ce

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a filin jirgi, da girmana da mayafina, na ce ban san nonon da na tatsa daga jikina ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ɗana na fari yana ɗan wata uku. Bakwaini ne, ba shi da ƙarfin tsotso, sai dai in tatsa a ba shi da cokali. Madarar gwangwani kuwa cikinsa ba ya karɓa, da an ba shi sai amai da gudawa. Ga nonon nawa ba yawa ne da shi ba, kowane ɗigo da wahala nake samunsa. Ana cikin haka aka kira ni Abuja tantancewar wani aikin koyarwa da na daɗe ina nema. Likita ta hana tafiya da yaron. Na tatsa na tara a firjin mai kemis ɗin layinmu a Tsanyawa (shi kaɗai ke da sola), na bar yaron wurin Inna, uwar mijina. Mijina yana tsakiyar girbin gero, sai mahaifinsa Baba Malam ya ce shi zai raka ni, akwai tsohon ɗalibinsa a can da zai sauke mu.

Baba Malam mutum ne da ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Ga shi suruki, ga shi sunansa aka sa wa yaron. Mu kuma a gidanmu an hore mu da kunyar ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka nuna naka ne. In Baba ya yi sallama ina riƙe da yaron, ajiye shi nake kamar na maƙwabta.

Tantancewa ta ja har muka ƙara kwana. Inna ta bugo waya ta ce abin da na bari ya kusa ƙarewa, ina jiyo kukansa siriri a bayanta. Ni kuwa sai in kulle ɗaki in kunna na'urar tatsa, in danne ta da filo don kar a ji gurnaninta, ina tatsa ina hawaye. Matar gidan da muka sauka tana sa min ledojin nonon a firiza. Ranar dawowa na jera su a wata shuɗiyar kula, na zuba ƙanƙara, na naɗe na'urar a zani na ɗora a sama. Na ce wa Inna jirgin safe za mu biyo, kafin la'asar yaro ya sha.

Wurin bincike, kular ta shiga injin ta fito, wani ma'aikaci ya ɗora mata hannu. Ya buɗe, ya warware zanin, ya ɗago na'urar sama kamar mai gwanjo, bututun yana lilo. Baba Malam yana gefena da carbinsa.

"Hajiya, wannan fa mene ne?"

Kalma biyu ce amsar: tawa ce. Na dubi na'urar, na dubi gemun Baba, sai na ji bakina ya ce, "Ba tawa ba ce. Saƙo ne aka ba ni."

A tashar garinmu wannan amsar kashe magana take. Wa ya taɓa shiga motar Kano ba a liƙa masa ƙullin daddawa ko kuka ya kai wa wani ba? Ashe a filin jirgi babu maganar da ta fi ta muni.

"Wa ya ba ki?"

"Wata mata."

"Me ke cikin ledojin?"

"Ban sani ba." (Ina faɗa ina jin yadda nake ƙara zurfafa ramin, amma na kasa ajiye fartanyar.)

Nan take fuskarsa ta canza. Ya yi magana a oba-oba, aka zo aka ware mu gefe, mutanen layi suna leƙe. Aka baje ledojina a kan tebur. Aka sa dattijon da garinmu ke durƙusa wa ya cire hula da takalmi, aka laluba shi har aljihun 'yar ciki. Ina tsaye ina kallon ƙanƙarata tana narkewa tana ɗiga a ƙasa, ana kiran jirgin Kano a lasifika.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tun asuba ban tatsa ba, ga tashin hankali, ga tunanin yaro. Sai na ji ƙirjina ya yi zafi, ya saki. Kafin in gyara mayafi, gaban rigata ya jiƙe sharkaf, shaida biyu ɓaro-ɓaro. Wata ma'aikaciya ta dube ni, ta dubi tebur, ta ce da ƙarfi, "Madam, ai shayarwa kike!"

Sai a lokacin Baba Malam ya yi magana, idonsa a ƙasa, hularsa a hannu.

"Abincin jikana ne. Ita ce uwarsa. Nauyina take ji."

Ashe ya sani tun daga gida. Ƙanƙarar ma da na zaci alherin matar gidan ce, shi ya aika aka sayo.

Ma'aikatan suka yi ta faɗa, wasu na dariya, aka sallame mu bayan jirgi ya tashi. Muka zauna jiran na yamma, ni da surukina da jiƙaƙƙiyar riga. Da muka sauka Kano, kafin mu sami motar Tsanyawa, na buɗe kula na shinshina, duk ya yi tsami. A bayan katanga na zubar da shi, leda bayan leda.

Yaron ba a gida na same shi ba. Da la'asar ta wuce ba mu iso ba, Inna ta rasa yadda za ta yi da kukansa ta dama masa ta gwangwani. A asibiti na tarar da shi, an ɗaura masa ruwa a ɗan hannun nan da bai fi yatsana biyu ba. Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban damu da wa ke kallona ba.

Allah ya tashi kafaɗarsa. Babu wanda ya zarge ni, kuma hakan ya fi min ciwo. Ranar da aka sallamo mu, Baba Malam ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba, ya ce, "Ke 'yar nan. Gaba in an tambaye ki naki, ki ce naki ne."

Har yanzu ba na iya kiran sunan yaron, wannan kam sai a hankali. Amma na gane cewa kunya ado ce, jariri kuwa ba ya ƙoshi da ado.