Gemun Malam Rabo da Rumfata

Yau da safe na isa ƙofar kasuwa da kwandon bandar kifi a ka, na miƙa wa mai gadi kartina na shaidar ƴan kasuwa kamar kullum. Ya ɗora wayarsa a kai, ya dubi wayar, ya dube ni, ya sake duban wayar. Sannan ya ce a gaban jama'a, "Malam Rabo, yaushe ka yi aski?"

Layi ya fashe da dariya. Ni kuwa mutum ce da ko ɗan kabu-kabu ya wuce unguwarmu da ni, sai in yi shiru har ya gaji ya tsaya da kansa. Na leƙa wayar. Ga sunana, Nuriya Hamani, ga lambar rumfata, ga kuma hoton Malam Rabo mai albasa da gemunsa har ƙirji. Mai gadi ya ce shi aikinsa fuska, fuskar da ba ta cikin waya ba ta shiga da kaya.

Wannan ba sabon ciwo ba ne, tsoho ne aka tono. Akwai wani biro, wato ofishi, da ke raba rumfuna a kasuwarmu, ba zan faɗi sunansa ba don ina son zama lafiya. Shekarun baya manyansa suka ce sun bar takarda, suka sayo na'urori suka cika ɗaki guda, suka ce duk bayananmu a nan za su zauna, a ajiyar biron ta kansa, ba a hannun wani kamfani ba. Ranar ɗaukar hoto ina bayan Malam Rabo a layi, sai aka ba shi fuskata aka ba ni tasa. Damina da rani na yi ina zirga-zirga. In na shiga biron sai in gaishe su kawai in fito. Da ƙyar, da rakiyar maƙwabciyata Inna Zuwera, aka mayar wa kowa da fuskarsa.

Sai bana kogi ya cika ya tumbatsa. Ɗakin na'urorin nan kuwa, cikin hikimar manya, shi ne na ƙasa, wanda ya fi kusa da ruwa. An ce sun yi tanadi, suna da kwafin komai. Gaskiya ne, suna da shi. Sun ajiye shi a ɗaki ɗaya da na'urorin, a kantar ƙasa, domin nan ne kaɗai ake da na'urar sanyaya ɗaki, kuma nan ne ɗaya daga cikin manyan, Mai Girma Uban Sanyi, yake ɗan kishingiɗa bayan azahar. Ruwa ya shiga ya gaida na'ura, ya gaida kwafi, bai nuna bambanci ba.

Yazidu, mai kula musu da ordinatoci, wato kwamfutoci, yakan sayi kifi a wurina. Shi ya yi mini bayani yana zaɓar tarwaɗa. Ya ce hanya biyu ce. Ko a samo wani tsohon kwafi a maido da komai yadda yake a ranar da aka ɗauke shi, da kyawunsa da ɓarnarsa. Ko kuma a gina sabuwar ajiya daga tushe, tsaf, amma babu kowa a ciki, sai kowa ya sake zuwa a rubuta shi. Na tambaye shi wanne ya fi. Ya ce maidowa ta fi sauri, ginawa ta fi tsabta, amma shi ba a tambaye shi ba, an dai ce ya shanya wayoyi a rana.

Tsohon kwafin ma an samu. Wani tsohon shugaban biron ne, da aka canza masa wurin aiki, ya tafi da shi Dosso tare da fanka da labule, saboda tsananin son aiki. Allah ya saka masa. Ba don hannunsa mai ɗauka ba, da yanzu babu ɗayanmu da ya taɓa zama ɗan kasuwa. Sai dai kwafin ya girmi gyaran hotona.

Nan manya suka rabu biyu. Mai Girma Sarkin Hatimi ya tsaya a kan a maido. Ya ce tarihi amana ne. Inna Zuwera ta ce tarihin da yake nufi shi ne rumfunan bakin ƙofa da ke ɗauke da sunayen ƴan gidansu, har da wata gwaggonsa da muka yi wa addu'ar arba'in tun kafin ita Inna ta aurar da ƴarta. Uban Sanyi kuma ya ce a gina sabo, zamani ya wuce faci. Gini sabo yana zuwa da taron bita a otal, da riguna masu tambari, da ranar yanka ƙyalle. Ban ce don haka yake so ba. Na dai lura ya riga ya kai wa tela shadda.

Suka kira mu taro don jin ra'ayin talakawa. Na kwana ina shirya magana: in an maido, a gyara abin da aka riga aka san ya ɓaci, in an gina, a karɓi kartin da ke hannunmu a matsayin shaida. Da aka ce mai magana ya ɗaga hannu, nawa ya tashi har kunne, sai ya gyara ɗankwali ya koma. Inna Zuwera ce ta miƙe. "Ranku ya daɗe, yarinyar nan in kun maido gemu gare ta, in kun gina babu ita. Wanne kuka zaɓa mata?"

Sarkin Hatimi ya yi murmushi ya ce uwa ta yi tambaya mai ma'ana, za a duba. Aka raba ruwan leda.

Hukuncin da suka yanke ya nuna ba a banza suke manya ba, don sun faranta wa junansu duka. An maido da tsohon kwafi na wucin gadi, za a gina sabo nan gaba. Ba za a taɓa gyara komai a cikin wanda aka maido ba, tunda zubar da shi za a yi. Ba za a fara gina sabon ba kuma sai kwamiti ya gama nazarin wanda aka maido. Na'urorin da aka aro a madadin waɗanda ruwa ya ci an mayar da su ɗakin nan dai na ƙasa, amma don Allah kada a ce ba a koyi darasi ba: an ɗora su a kan bulo.

Ni abin da ya dame ni rumfata ce. Tana kusa da famfo, inuwa ba ta barinta, a nan nake ciyar da kaina da mahaifiyata. Dokar biron ta ce rumfar da aka bari babu kowa kasuwa bayan kasuwa, a ba wani. Akwai wani ɗan ƙanen Sarkin Hatimi mai sayar da rigunan waya da ya fara zuwa yana auna faɗinta da ido, har yana tambayata ko rufin yana yoyo.

Ina tsaye gefen ƙofa yau, rana ta fara dukan kifi, sai ga Malam Rabo da amalanken albasa. Aka ɗora waya a kartinsa, sai ga ni da ɗankwalina, ina sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ƴata, ashe an sake haɗa mu." Ya karɓi kartina ya ba ni nasa. Mai gadi ya duba: gemu ya dace da gemu, ɗankwali ya dace da ɗankwali. Suna kuwa, ya ce ba a sa shi karanta suna ba. Muka shiga, ni Rabo, shi Nuriya.

Mun yi shawara kullum mu haɗu a ƙofa mu yi musaya, har ranar da kwamiti zai farka. Na roƙe shi in zai tafi gonarsa ta Bengou ya riƙa gaya mini tun da wuri. Ya ce babu komai, sai dai ya ɗan ambata cewa zafi ya yi yawa bana, gemun yana damunsa.

Don haka masu karatu, in kuna addu'a, ku bar manya da na'urorinsu, suna kan bulo. Ku roƙa wa Malam Rabo lafiya da tsawon rai, Allah kuma ya nisanta shi da wanzami.