Kaset ɗin da muka aika wa Kaka

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan taɓa mantawa da kaset ɗin da muka aika wa Kaka ba.

Shekarar fari ce, sojoji na kan mulki, ni kuma ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Kaka, mahaifiyar Baba, tana ƙauye can bayan Tahoua, kuma ta tsani a karanta mata wasiƙa, wai takarda ba ta da murya. Da Baba ya sayo manyeto sai muka koma ɗaukar magana a kaset, direban motar hatsi ya kai mata, ya dawo da amsa.

Ni ce mai danna maɓalli a gidanmu na unguwar Yantala a birni, don haka a ɗakina manyeton yake zama. Nakan rufe ƙofa in karanta masa waƙoƙina a ɓoye yana ɗauka a kaset, don Baba ya riga ya ce ranar da ya kama ni da waƙa maimakon karatu, ranar zan rabu da ita. Yawancinsu na ruwan sama ne. Ɗaya kuwa ta Habibu ce, ɗan ajinmu mai ban ruwan ganyen salati a lambun unguwar Goudel, wanda ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa mu ba. (A waƙar na kira shi hadarin gabas. Allah Ya yafe mini.)

Ranar aike Baba ya ce in kawo kaset, na ɗauko wanda hannuna ya faɗa kai. Kowa ya yi gaisuwarsa. Baba ya saurara har sau biyu, kada wani ya yi suɓul da baka a kan gwamnati a tare kaset a hanya. Bai juya ɗaya gefen ba. Ni ma ban juya ba.

Bayan sati uku amsa ta iso. Aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, maƙwabta suka shigo, ni da hannuna na danna. Kaka ta faɗi rijiyoyin da suka ƙafe da awakin da suka mutu. Sai ta gyara murya.

"To, ke ƴar lakwal mai karatun boko, ƙawata. Wane ne Habibu?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na kai hannu zan kashe, Inna ta riƙe ni. "Bari, Kakarki ce ke magana."

"Mun ji an ce hadari ne. In da gaske ne ki turo mana shi, gonaki na jira!"

Sai ga muryoyin mata a bayanta, sun sa wa waƙata kiɗan ƙwarya, suna rerawa baiti bayan baiti, ba su tsallake ko ɗaya ba. Maƙwabciyarmu har da hawayen dariya. Ni dai ban iya ɗaga ido na dubi Baba ba.

Kaka ta dawo. "Kai kuma ɗan nan, kada ka taɓa mini ita. Tun da damina ta ƙi ba a yi dariya a garin nan ba sai ranar. Na ruwan saman ma a ƙaro mana, da su mata ke jan guga."

Baba ya dubi manyeton. Can ya ce, "In kin gama jarrabawa ki cika musu kaset guda. Amma ni zan fara ji."

Na cika, kuma har yau ina rubutawa. Abin da na koya dai shi ne, kafin ki ba na'ura sirrinki, ki tuna ba ta da kunya, kuma ta san hanyar garinku.