Yadda Za Ka Sauke Tumbi da Cin Kitse Ba Tare da Ka Ɓata wa Maƙwabta Rai Ba

Kai mai tumbi, matso kusa in kujerar za ta sake ka. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba, kuma duk wanda ya bi ta sau da ƙafa sai ya ga canji a jikinsa, na yi maka alkawari. A gabana aka gwada ta a kan Malam Lawwali, akawu a sakatariyar Tambuwal. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa sugansa ya hau, in bai sauke teɓar nan ba, allura ce kullum har ƙarshen rayuwa. Lawwali kuwa ko yara aka zo yi wa rigakafi, sai ya tuna yana da uzuri a Jabo.

Mataki na 1: Nemi ilmi a waya, amma ka tsaya a rabi.

Likita zai ce ka rage tuwo da shinkafa da fura, ka riƙa tafiya a ƙasa. Maganar ba daɗi, bar ta nan asibiti. Lawwali wani bature ya samo a waya, ƙirji a waje, yana cewa a bar sitaci, irin su tuwo da shinkafa, a ci kitse, jiki zai koma ƙona nasa. Baturen na shirin bayanin yawan da za a ci, Lawwali ya kashe waya. Ya yi daidai. Dogon bayani hawan jini yake kawowa.

Mataki na 2: Ɗora wa matarka aikin.

Bara'atu ta ɗauki abin da gaske, don ita ta raka shi asibiti. Ta soya nama da ƙwai, ta yi kwaɗon zogale, ta yanka kabeji, ta zuba man shanu daidai misali. Babu tuwo ko loma. Ta ce ya zauna nan tsakar gida ya ci.

Mataki na 3: Kada ka kuskura ka ci a tsakar gida.

Unguwarku ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gida, a baje a tabarma, a ci na kowa. Wanda ya ci nasa a ɓoye, sunansa marowaci, ko mijin-ta-ce. Lawwali ya auna allura da bakin unguwa, ya ɗauki kwano ya fita.

Mataki na 4: Nuna tarbiyya.

Baba Ɗangiwa, dattijon tabarmar, shi ke buɗe kwanuka. Da ya ɗaga murfin na Lawwali sai ya gyara zama.

"Lawwali, mi anka yi? Haihuwa anka yi gidanka ba mu ji ba?"

Lawwali ya ce magani ne. Bube mai faci ya ce shi ma dama kwana biyun nan jikinsa ba daɗi.

Yanzu ka kula. Mai kwano ba ya wawar kwanonsa, tura wa manya yake yi yana cewa bismilla. Kafin ka gama kunya nama ya zama labari. Abin da ya rage a tabarma tuwon dawa ne, da na masara, da shinkafa da wake, da dambu. Kuma dole ka taɓa kowanne, don wanda ka tsallake nasa zai kwana da kai a rai. Haka Lawwali, da yake cin tuwon gida ɗaya, ya koma cin na unguwa.

Mataki na 5: Rama kitsen da aka cinye maka.

Ai tsarin kitse kake, kada ka saɓa. Sa cokalin man shanu a aljihu in ta kama, ka malala a kan tuwon mutane. Da rana ka ce wa mai tsire ya zaɓo maka fari-farin. Fura kuwa ba a lissafa ta, kowa ya san sanyaya ciki take yi. Masallacin da kake jin tarin liman daga ɗakinka, hau babur ka je.

Mataki na 6: Saurari jama'a, sun fi likita yawa.

Za su ce ka yi kyau, ka murje, gwamnati ta karɓe ka. Mu ne fa mutanen da in mutum ya rame muke binsa da kallon tuhuma, in ya kumbura mu ce hutu ne, har ranar da za mu ɗauke shi mu shida muna nishi.

Bara'atu ta gane inda naman ke zuwa ranar da matar Bube ta aiko a ƙara yaji. Ta tare ƙofa da kwanon a hannu.

"Malam, Bube nika jinya ko kai? In allurar ta zo, cinyar Baba Ɗangiwa za a soka?"

Ranar a cikin gida Lawwali ya ci, kamar ɓarawo. Da safe Baba Ɗangiwa ya amsa gaisuwarsa a gajarce, Bube ya tambaye shi ko an ba shi izinin fitowa. Da magariba kwano ya koma tabarma.

Mataki na 7: Koma asibiti ka karɓi sakamako.

Sikeli ya yi magana, suga ya ƙara da tasa. Likita bai yi faɗa ba, ya nuna wa Lawwali yadda ake tsuke fatar ciki a soka. Wurin sokawa dai, alhamdulillahi, akwai shi wadatacce.

'Yan tabarma sun zo dubiya da lemon kwalba da ayaba. Aka yi addu'a, aka ce cuta ta Allah ce, ba ruwan abinci. Da za su tashi, Baba Ɗangiwa ya dafa kafaɗarsa ya rage murya.

"Ka daure, ɗana. Kuma kak ka bar maganin nan na nama don an ba ka allura. Haɗawa akan yi."

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba likita ba ne, kuma ba ya cikin 'yan tabarma. In ka bi matakan nan ƙafarka ta fara mutuwa ko idonka ya fara hazo, kada ka nemo ni. Je wurin waɗanda ka ji kunyarsu, ka ce su ara maka nasu.