Wayar Tela Ta Cika

"Ya gajiya, amaryar da ko cokali ba ta zo da shi ba?"

"Ba gajiya, angon da haƙoransa suka riga shi ritaya."

Jikar tela ta ture ƙyallayen da ke kan benci ta zauna. Kakan nata ya miƙo mata wayarsa ta saman keken ɗinki. Wata mata ce ta turo hoton ɗinkin da take so, ya ƙi buɗewa don wayar ta cika, ga shi da la'asar za ta zo. Finafinai biyu ne a ciki, duka na soyayyar zamanin da: na barde da 'yar sarki, da na maƙeri da bazawara. Dole ɗaya ya tafi. Na barden na jikar ne, a nan take kallonsa tun da wayarta ta fashe.

Ta ce a goge maƙerin, mutumin da ya shafe awa biyu yana dukan ƙarfe ya kasa ce wa mace yana sonta.

"Naki fa? Da girman kai ya shigo, da shi ya fita. Doki kawai ya canza."

"Ai ya yi kuka a ƙarshe."

"Albasa ma tana sa kuka."

Ya ce ta dubi rigar maƙerin. Da farko a yage take, bai damu ba. A tsakiya ya ɗinke ta da kansa, ɗinkin kamar sawun kaza, don ya fara jin kunyar matar. A ƙarshe ɗinkin ya miƙe sumul, wato hannunta ne. Ta ja fim ɗin gaba ta duba. Haka ne kuwa, abin ya ba ta haushi.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Babban da ke neman tabarau suna bisa goshinsa?"

Duk da haka ta shiga ma'ajiyar wayar, zuciyarta na yi wa barde bankwana. Sai ta tsaya. Abin da ya fi cin wuri hotunanta ne, ɗari huɗu da 'yan kai, duk ta turo baki gaba.

Tsohon ya sauko da tabarau ya leƙo.

"Ashe ɓarawon na cikin gida ne. Shi ya sa wayar ke zafi, tsoro take ji."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta goge su. Hoton ɗinkin ya buɗe.

"Na bar maka guda ɗaya, ka riƙa korar ɓeraye da shi."