Tuwon da Na Yi wa ’Yan Jos Tayi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a Taman Melati, wata unguwa a ƙasar waje, shekarar da na zo ƙarin karatu na bar maiɗakina da yara a Zariya. Ni kaɗai nake a ɗaki, ni da tukunya da radiyon waya. Abincin darena kuwa ba ni ke zaɓa ba, babban kantin unguwarmu ke zaɓa mini. Duk abin da suka manna wa jar takardar rangwame, shi ne rabona. In kaza ta sauka, mako ya yi albarka. In kabeji ne, to kabeji za a ci har Allah ya kawo sauyi. Nakan tsara abincin kwanakin mako da ajami in manna a jikin firji (ba don sirri ba, babu ma mai shigowa ya karanta).

Wannan makon kabeji ne da kifin gwangwani. Bayan la’asar ina tura kwandona a kantin sai na ji Hausa a bayana. Na daɗe ban ji ta ba sai a waya. Na waiga, samari biyu ne ’yan Jos, ɗalibai, Bulus da Dauda. Muka gaisa kamar mun san juna, suna ta ce mini Baba. Da za mu rabu sai bakina ya yi abin da ya saba a gida, na ce bismillah, su zo mu ci tuwo.

A Zariya amsar wannan sananniya ce: a ci lafiya, kowa ya kama gabansa. Amma Bulus ya dubi Dauda, ya dube ni.

“Tuwo, Baba? Yau ɗin nan?”

Wallahi da na ce wasa nake, da an yi dariya an wuce. Sai dai na ƙosa in ji muryar mutum a ɗakina. Na ce yau ɗin nan. Har kayana suka ɗaukar mini.

Shinkafa ba ta ba ni kunya ba, ta tuƙu. Na buɗe gwangwanin kukar da maiɗakina ta haɗo ni da ita, na tarar sai ƙamshi. Ba kuɓewa, ba daddawa. Na tsaya ina salati a gaban murhu, su kuma suna falo suna ba juna labarin miyar iyayensu mata. A ƙarshe na yanka kabeji, na juye kifi, na zuba ruwa, na bar wa Allah.

Suka sunkuyar da kai, Dauda ya yi addu’a mai tsawo, ya gode wa Ubangiji da ya nufe su da abincin gida. Ya kai loma. Ya daɗe yana tauna abin da ba ya bukatar tauna.

“Baba, wannan miyar wane gari ce?”

Na ce ta rangwame ce. Suka yi dariya har da ƙwalla, na taya su, gumi na bin wuyana. ’Ya’yan kirki, sun cinye tuwon tas, miyar kuwa suka bar mini ita cikin ladabi. Daga taga na hango su sun shiga shagon abinci na ƙasan bene, irin wanda ake kira mamak.

Ba su sake zuwa ba, ban kuma ga laifinsu ba. Na dai koyi abu guda: inda tuwo ya yi nisa, tayi ba gaisuwa ba ne, alkawari ne. Ka leƙa gwangwanin kuka kafin ka buɗe baki.