Dattijo da Buta a Ɗakin Yara

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Kore Mairuwa ba, kuma ko na so in manta, mutanen tasha ba za su bar ni ba. Ni mai facin taya ne a Dogon Dutsi. Na haura hamsin, gemuna ya yi furfura, bayana yana ciwo tun kafin a haifi autata. Lakwal na shiga, amma a aji uku na tsaya, saboda haka faransancina bai wuce gaisuwa ba. Ba ni da yawan magana, ba ni da yawan dariya, kuma da wannan ɗaurin fuskar na samu ɗan girman da nake da shi a unguwa.

Zazzaɓi ne ya ja mini. Wata damina ya kwantar da ni a ɗaki, sai autata Hadiza ta aro wani fim ɗin zane wajen maƙwabciyarmu Madam Mariyama, malamar lakwal ɗin mishan. Labarin wata gimbiya ne a wani gari mai ganuwa, da wani tsohon mai gadin ƙofar fada wanda ke yawo da ƙaton mabuɗi rataye a wuya. Shi ya rene ta bayan uwarta ta rasu. Da maƙiya suka ci garin, shi ya goya ta ya ƙetare kogi da ita, ruwa har wuya. Na juya kamar mai barci, amma ido ɗaya a buɗe yake. Da fim ya ƙare na ce wa Hadiza, "Wannan shirme ne. Maido shi farko in ga inda shirmen ya faro."

Ana nan sai tele ta fara nuna ci gaban labarin, kashi-kashi, kowace Lahadi bayan la'asar. Unguwarmu ta rabu a kansa. Yara suka haukace saboda an ƙaro wata agwagwa mai magana. Matata Hajo ta ce gimbiyar ta yi fitsara, ta koyi mayar wa ubanta magana, kuma in ta ji Hadiza ta gwada irin haka za ta sayar da telen. Madam Mariyama ta ce zanen ya yi arha, fuskokin kamar waɗanda ake zanawa a bayan motar kaya, muryar gimbiyar ma ba ta farkon ba ce. Ni duk wannan bai dame ni ba. Tsohon ne ya dame ni. Mutumin da ya ƙetare kogi da 'yar mutane a baya, sun mai da shi wawa. Kowane mako sai ya faɗa rijiya, ko ya zauna a kan ƙaya, ko agwagwa ta gudu da mabuɗinsa, yara suna ta dariya har da birgima.

Ban taɓa cewa ina kallo ba. Nakan ɗauko tsohon tub ɗin taya in zauna a bakin ƙofa ina gogawa, Hadiza tana fassara mini (tub ɗin nan na yi wata da watanni ina gyaransa, ba shi da huji ko ɗaya).

To, ga maganar da ta kai ni Kore Mairuwa. Ƙanena ya rasu ya bar ɗa, Idi, yaro mai hankali, sai dai ɗan ci-rani ne, rani yana Kwatano, damina yana gona. Ya ga yarinya a can, mai suna Ramatu, ita ma tana son sa. Iyayenta ne ke ja da baya. Suka ce yaron da ba ya zaune, in ya tafi ya bar musu ɗiya, hannun wa zai bar ta? Suna so su ga babban da ke bayansa. Babban nan kuwa ni ne. Idi ya zo har wajen aiki ya durƙusa a cikin baƙin mai, ya ce, "Baba, ba sai ka yi dogon jawabi ba. Fuskarka kawai za su gani su yarda."

Aka sa rana, Lahadi. Makon da ya wuce kuwa, a ƙarshen shirin an ɗan nuna abin da ke tafe: an tara fada, ana nuna tsohon da yatsa. Hadiza ta ce korarsa za a yi. Na yi lissafi a raina, in muka tashi da safe, kafin la'asar mun dawo. Na aro babbar riga mai ruwan sararin sama wajen Alhaji Nomau maƙwabcina, shi ma ya raka ni, tare da limamin unguwarmu da ƙwaryar goro a lulluɓe. Ba mu yi nisa ba tayar motar ta fashe, ta sefa kuma ba iska. Direba ya waiwayo ya dube ni, fasinja duka suka dube ni. Na tuɓe rigar aro na yi aikina a gefen hanya. Ba mu isa ba sai bayan azahar.

Idi muka bari a gindin bishiya kusa da kasuwa, tunda ba a zuwa da yaro irin wannan zama. Baffan yarinyar, Malam Gado, ya tarbe mu a zaure da dattawansa. Dogon mutum ne, busasshe, irin waɗanda in sun dube ka sai ka tuna laifin da ka yi shekaran jiya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi damina, aka tambayi hanya. Na yi maganata gajera, kaina a ƙasa, kamar yadda ake yi. Na ce mun ga abin alheri a gidanku, mun zo roƙo. Na ce in Idi ya yi tafiya, gidana gidanta ne. Alhaji Nomau ya taɓa ni da gwiwa, alamar na yi daidai.

Muka yi sallar la'asar tare. Sannan, kamar yadda al'adarsu take, dattawan suka tashi suka shiga cikin gida su yi shawara da mata. Goron yana nan a lulluɓe tsakiyar tabarma. Ba mai taɓa shi sai sun dawo sun ba da amsa, kuma amsar ga wanda ya yi roƙon ake ba ta, shi zai yaye mayafin ƙwaryar da hannunsa. Aikina duka kenan: in zauna a kan tabarmar nan in jira.

Sai fitsari ya matsa mini. Na ɗauki butar da aka ajiye mana, na zaga bayan zaure. Na gama abin da ya kai ni, na sake cika butar a randa don in yi alwala, sai na ji waƙar. Waƙar buɗe shirin ce, tana fitowa daga wani ɗaki mai panno, farantin wutar rana, a kan rufi. Na ce a raina, leƙawa ɗaya ta taga ba ta ɓata aure.

Yara ne cike da ɗakin, zaune a ƙasa. Gefe guda wata tsohuwa ta miƙe ƙafa tana ɓare gyaɗa a faifai. A tele kuwa an riga an tara fada. Wani sabon bafade mai siririn gashin baki yana ta zuba, tsohon yana tsaye yana murza hularsa. Ba Hadiza, ba fassara. Na sa baki ta taga na ce wa wata yarinya, "Ke, mi ya ce?"

"Ya ce tsohon ya tsuhwa, bai iya tsaron ƙohwa."

"Ita gimbiyar mi ta ce?"

"Ba ta ce komi ba."

Daga taga ba a gani sosai, rana tana haska gilashin. Na zago bakin ƙofa. Daga bakin ƙofa kan wani yaro yana tare mini. Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Abin da na sani, na tsinci kaina zaune tsakiyar yara, cikin babbar rigar Alhaji Nomau, da butar Malam Gado a kan cinya. Tsohon ya cire igiyar mabuɗin daga wuyansa, ya ajiye a gaban sarki, ya juya. A bakin ƙofa ya yi tuntuɓe da agwagwa. Yara suka fashe da dariya.

Tsohuwar ta jefa gyaɗa a baki ta ce, "Gara da anka kore shi. Wanga tsoho ba shi da aiki sai hwaɗawa rijiya."

Nan na manta inda nake.

"Inna, ba ki ga na farkon ba?"

"Wane na hwarko? Ni tun da anka sa pannon ga nike kallo."

"To ba ki san shi ba. Wallahi ba ki san shi ba. Wannan da kike gani, shi ya rene ta. Masu zanen ne ba su da kunya, sun ci moriyarsa sun gama, yanzu sun mai da shi abin dariyar yara."

"Kai kuma baƙo, ɗan'uwanka ne?"

"Ba ɗan'uwana ba ne, amma ba a yi ma dattijo haka."

Ta ajiye faifan ta ce in gaya mata abin da ya yi. Yara suka juyo, suka bar tele. Ni da ba na haɗa magana uku a jere, na ba su labarin daren da aka ci garin, da wutar da ta kama ganuwa, da kukan yarinyar. Da na zo wajen kogin sai na ga zaune ba zai yiwu ba. Na miƙe, na duƙa kamar mai goyo, hannu ɗaya a baya yana tallafe da gimbiya, ɗayan a gaba riƙe da buta. Na fara takawa a hankali ina nuna musu yadda ruwa ke ture shi. Har muryarsa na yi. Butar kuwa ta karkace, tana tsiyaya a gaban rigar, daga cibiya zuwa ƙasa, ni ban sani ba.

Na kai tsakiyar kogi sai na ga yara sun daina dubana, suna duban bayana. Na waiwaya a duƙe. Malam Gado ne tsaye a bakin ƙofa, bayansa dattawansa, bayansu liman, sai Alhaji Nomau can ƙarshe yana duban rigarsa kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi mini sauƙi.

Malam Gado ya dubi fuskata, ya dubi jiƙar da ke gaban rigar, ya dubi butar. Ya ce, "Malam, mun komo tun ɗazu. Mun iske tabarma da goro, ba mai roƙo. Har mun aika a duba ko rijiya ka hwaɗa."

Tafiyar daga ɗakin nan zuwa zaure, ban taɓa yin mai nisa irinta ba. Takalmina ma sai wata yarinya ta biyo ni da shi. Na zauna, na tattara rigar na rufe wurin da ya jiƙe, ina tunanin Idi a gindin bishiya da abin da zan ce masa. Malam Gado ya gyara murya. Ya ce sun yi shawara, sun ga ba gaggawa, a bari sai bayan girbi, su ƙara dubawa. Kowa a zauren ya san ma'anar wannan. An hana mu ne cikin ladabi. Ban san ko shawarar da suka fito da ita kenan tun farko ba, ko a bakin ƙofar ɗakin yara suka sake ta. Har yau ban tambaya ba.

Sai muka ji ƙarar sanda a bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida.

"Gado."

"Na'am, Inna."

Ashe tsohuwar mai gyaɗa uwar Malam Gado ce, kakar Ramatu, wadda ta rene ta.

"Ni ba ku tambaye ni ba, don ina kallon tele. To ga tawa. Kun ce kuna tsoron hannun da za a bar ɗiyar ga. Na ga hannun. Mutumin da ransa ya ɓaci don an wulaƙanta tsohon da ba shi da ko jini a jiki, ba ya barin a wulaƙanta ɗiyar mutane cikin gidansa. Wauta yana da ita, na gani da idona. Amma ku ba su."

Malam Gado ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna ta yi magana. Malam, buɗe goronka."

Na yaye mayafin. Liman ya yi fatiha, kuma na lura ya yi ta da sauri, kafaɗunsa suna motsi. Muna shirin tashi tsohuwar ta ƙara cewa daga bayan asabari, ranar ɗaurin aure in zo mata da na farkon, ko in zo in ƙarasa ƙetare kogin, don a tsakiya na bar su.

Idi ya rungume ni a kasuwa yana cewa, "Na gaya maka, Baba, fuskarka kawai." Alhaji Nomau ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Rufewar ba ta wuce motar ba. Kafin mu iso Dogon Dutsi direba ya ji, washegari tasha duka ta ji. Yanzu ba mai kirana da sunana, sai Mai Gadi. 'Yan kabu-kabu in za su wuce sai su duƙa su sa hannu a baya.

Da na shiga gida na kira Hadiza gefe na tambaye ta yadda aka ƙare. Ta ce gimbiyar ta bi tsohon har bayan gari, ta ba shi haƙuri, ta mayar masa da mabuɗinsa da hannunta a gaban kowa.

"Sannan?"

"Sannan ya juya zai yi godiya, ya faɗa rijiya."

Ramatu tana gidana yanzu duk rani, ita da Hajo da Hadiza, kuma Lahadi bayan la'asar na daina ɗauko tub. Kujera nake ja in zauna a gaba, wanda zai yi magana ya yi. Abin da na koya bai da yawa. In an ba ka aikin zama a kan tabarma, ka zauna, ko mafitsara za ta fashe. In kuwa ka san zuciyarka ba za ta bari ba, to kafin ka shiga kogi ka ajiye butar mutane.